Facin Idon Debby

Celina tana durƙushe tana ɗaura wa Debby igiyar takalmi sai ga surukarta ta fito daga ɗaki sanye da zanin zumuntar mata, da ɗaurin kallabi irin na zuwa coci, ga jaka a hammata.

"Mama, ina za ki?"

"Inda za ku."

"Ai na ce miki ba sai kin wahala ba. Na ɗauki hutun yau a kamfani."

"Likitoci za su taru a kan jikata, ni kuma ina gida ina tsintar wake? Ɗauko lema, akwai hadari a gabas."

Harrison, mijin Celina, yana zaune a bakin ƙofa da kofin shayi, bai riga ya sa kayan aiki ba. Kusa da ƙafarsa akwai bokitin da suke tarar ruwan da ke yoyo daga rufin kwano tun farkon damina. Mahaifiyarsa ta dubi bokitin, ta dube shi.

"Kwanon nan fa?"

"Asabar, Mama. Akwai wani abokina da zai zo da tsani."

"Kullum akwai wani," in ji ta, ta juya wajen Celina. "Tun yana yaro haka yake. Muddin ya san akwai mai yi, ba ya motsi."

Harrison ya yi dariya, ya ɗaga Debby sama, ya ce ta gaishe masa da likitoci, kada ta ciji kowa.

Shekarar Debby huɗu. Idonta na hagu yana karkatowa ciki wajen hanci, abin ya fara tun tana koyon magana. A gidan hayarsu na Tirkaniya kowa ya ba da nasa bayanin. Wata ta ce fitila aka riƙa ajiyewa a gefen gado tana jaririya. Wata ta ce a bar ta, irinsu sukan yi arziki. Yaran layi kuwa suka sa mata suna harara-garke, har sai ranar da Celina ta bi gida-gida ta yi magana da iyayensu, cikin ladabi amma ba da murmushi ba. Bayan bikin Ista, Celina ta kai ta asibitin ido. Aka ba ta tabarau, aka ce idon hagun ba karkata kaɗai ya yi ba, ganinsa ma ya yi rauni, don ƙwaƙwalwa ta daina amfani da shi. Maganin shi ne a rufe na dama mai lafiya kowace safiya har zuwa azahar, a tilasta wa na hagu ya yi aiki. Idan ganin ya dawo, sannan a yi maganar aikin miƙe shi. Likitan ya ja wa Celina kunne a kan abu ɗaya: idon yaro yana koyon gani ne yana ƙarami, idan ta yi wayo sosai ba a gyara ba, shi ke nan.

Celina ba ta yi wasa da maganar ba. Ta yanki ragowar atamfa, ta ninka, ta ɗinka 'yar jaka da ake zurawa a gilashin tabarau ta rufe ido ruf. A gidan ana kiranta faci. Kowace safiya kafin ta fita kamfanin buhuna na Kudenda, ita da hannunta take zura shi a gefen dama, ta bar Debby tana kuka a jikin kakarta. In ta dawo da yamma an riga an cire.

Abin da ke damunta, wanda ba ta faɗa wa kowa ba, shi ne ranar Lahadi. Ranar da take gida, Debby takan yi ta kuka da facin, tana karo da kujera, tana zubar da kunu. Amma surukarta kullum cewa take, "Ni a hannuna ko tari ba ta yi. Kina fita take yin shiru. Lallashi ne ba ki iya ba, Maman Debby." Celina takan haɗiye maganar ta ci gaba da wanke-wanke.

Makon jiya Sista Vicky, nas ɗin sashen yara, ta kira ta a waya. Ta ce za a yi kwas na ƙarin horo a asibitin, likitocin ido daga jihohi daban-daban za su zo su koyi yadda ake duba karkatar ido a yara, kuma malamarsu ƙwararriya ce a fannin. Ana neman yaran da za a duba a gabansu.

"'Yata ba allo ba ce da za a yi ta koyon karatu a kanta," Celina ta ce.

"Na sani. Amma matar nan, in ba irin wannan ba, sai ki yi wata da watanni kina neman ganinta."

Ta kwana tana juya maganar, da safe ta kira ta ce za su zo, da sharaɗin tana tsaye a wurin, kuma in yarinyar ta gaji a tsaya.

Keken da suka shiga ya bi ta Kakuri, yana kauce wa ramukan da ruwa ya cika. Debby tana tsakiya tana lissafa akuyoyin bakin hanya da babbar murya. Kaka ta riƙe ƙarfen keken da hannu biyu, tana yi wa direba faɗa a kan gudu, shi kuwa yana cewa, "Yi haƙuri Mama, wannan ai tafiyar amarya ce."

A asibiti aka ce mutum ɗaya ne zai shiga da yaro. Kaka ta yi ƙorafi kaɗan, sannan ta samu benci a baranda, ta zauna da kular abinci da rigar sanyin Debby a cinya. Kafin Celina ta juya har ta fara tambayar matar da ke kusa da ita 'yar wane gari ce.

Ɗakin taron babba ne, an raba shi lungu-lungu, kowane lungu da kujerar yaro da likitoci biyar ko shida. Celina ta ji sanyi a ranta da ta ga ba taron da take tsoro ba ne. Malamar, Dakta Maimuna, 'yar gajeruwa ce mai farin mayafi, aljihun rigarta ya kumbura da kayan wasa. Ta gaida Celina, ta gode mata da ta zo, sannan ta dubi wani dogon likita mai sanƙo.

"Dakta Usman, bismilla."

Dakta Usman ya zaro 'yar tocila daga aljihu, ya sunkuyo daga can sama ya haska fuskar Debby. Debby ta runtse ido biyun gam, ta cusa kai a zanin uwarta. Celina ta ɗora hannu a kanta, ta ɗago ta dube shi irin kallon da take yi wa yaran layi.

"Dakta Usman ya cire yanar ido ga tsofaffi fiye da yadda zai iya tunawa," Dakta Maimuna ta gaya wa Celina. "Tsoho in ka ce ya buɗe ido sai ya buɗe, har ya sa maka albarka. Yau ya haɗu da manya." Ta juya gare shi. "Ka gaishe ta?"

"Ban gaishe ta ba."

"To sauko ƙasa ka gaishe ta. Mayar da tocilar aljihu tukuna."

Dogon mutumin ya naɗe ƙafafu ya tsuguna, gwiwarsa ta yi ƙara. "Ina kwana, Debby?"

Ta buɗe ido ɗaya ta leƙo. "Ina gashinka?"

Likitocin suka fashe da dariya, har shi. Ya shafa kansa ya ce ɓera ne ya cinye yana barci. Debby ta ce ƙarya ne. Daga nan ta yarda ta zauna a kujera.

Dakta Maimuna ta ba shi wani ɗan zakaran roba, ta ce ya riƙe shi a kan tocilar. Ta kira Celina ma ta matso ta gani. A idon dama, ɗigon hasken ya sauka daidai tsakiyar baƙin ido. A na hagu ya sauka can gefe, wajen kunne. Sai aka ba shi wani abu kamar ludayin roba ya rufe idon dama da shi. Nan take na hagu ya zabura ya miƙe yana neman zakaran. Yana ɗauke ludayin, ya sake sulalewa wajen hanci.

"Idon da ba ka rufe ba shi za ka kalla," in ji malamar. "Kai kuma kana kallon hannunka. Sake."

Ya sake. Ta ce ya yi sauri da yawa, ido bai samu lokacin motsi ba. Ya sake a hankali. Sauran ma kowa ya gwada sau ɗaya, Celina tana lura da fuskar 'yarta, tana jiran alamar gajiya. Babu. Debby ta gane cewa manyan mutane ne ke layi don su yi mata wasa, abin ya yi mata daɗi. Aka zagaya da zakaran sama da ƙasa, dama da hagu, tana bin sa da ido, malamar ta dafe mata kai da yatsu biyu don kada ta juya wuya. Aka kawo wata sanda mai jerin gilasai kamar matakalar tsani, ana matsar da ita a gaban idon har sai ya daina zabura, suna faɗin lamba suna gardama, malamar tana cewa wanda ya yi daidai da wanda ya yi gaggawa.

Sai aka zo gwajin gani. Wata matashiyar likita, Dakta Scholastica, ta tsaya nesa da allon hotuna. Da idon dama Debby ta faɗi komai: gida, kifi, mota, takalmi, har ƙananan da Celina kanta sai ta ƙanƙance ido. Aka rufe na dama. Ta faɗi babban gidan da ke sama. Layi na biyu ta yi shiru, ta karkata kai, ta kai hannu za ta ture abin rufewar.

"Kifi ne?" ta tambaya a hankali.

Mota ce.

Dakta Scholastica ta duba katin asibiti, ta nuna wa malamar. Abin da aka rubuta bayan Ista shi ne dai na yau. Ko layi ɗaya bai ƙaru ba.

"Madam, kuna rufe idon kuwa?" Dakta Usman ya tambaya.

"Kullum."

"Ba fashi?"

"Ba fashi. Har ranar da ta yi zazzaɓi."

"Tabarau fa?"

"Sai za ta kwanta ake cirewa."

Likitocin suka matsa kusa da juna suka koma Turanci. Celina ta gama sakandare, kuma kunnen uwa ba ya barci. Ta tsinci kalmomi: jijiyar ido, bayan ido, hoton cikin kai. Wani ya ambaci wani abu da zai iya tsirowa a can ciki. Ta jawo Debby jikinta.

"Don Allah," ta ce, muryarta ta fi yadda ta so ƙarfi. "Ku yi Hausa, ko ku yi Turancin da zan gane. 'Yata ce kuke magana a kai."

Dakta Maimuna ta juyo gaba ɗaya. "Kin yi gaskiya, ki yafe mu. Ku ma ku riƙe wannan," ta ce wa ɗalibanta. Sannan ta yi bayani dalla-dalla. Yaro mai shekarun Debby, idan an rufe ido na tsawon watannin nan, ya kamata a ga canji. Idan ba a gani ba, dole likita ya tambayi kansa ko akwai wata cuta a ɓoye. Shi ya sa suke lissafa abubuwan da za a bincika. Ba a ce akwai ba.

"Amma zai iya kasancewa akwai."

"Zai iya. Za mu ɗiga mata magani mu leƙa bayan idon yau ɗin nan, ba za ki koma gida da tambayar ba." Ta koma ga likitocin. "Kafin mu tura yarinya hoto, me ya rage ba ku yi ba?"

Wani ya ce a sake auna ƙarfin tabarau. Ta ce za a yi. Wata ta ce a tambayi tarihin haihuwa. Ta ce yana cikin kati.

"Kun tambayi uwa ko ana rufe ido, ta ce ana rufewa, kuma ni na yarda da ita. Amma waye a cikinku ya gani? Duk abin da kuka ce a je a yi a gida, in an dawo ku ce a yi a gabanku. Maman Debby, kin zo da abin rufewar?"

Celina ta ji ɗan zafin maganar, amma ta buɗe jaka ta zaro facin. Dakta Maimuna ta juya shi a hannu, ta yaba ɗinkin, ta ce ya fi na kanti. Celina ta miƙa hannu za ta karɓa ta zura.

"A'a, bar ta. Debby, nuna wa mai sanƙon nan yadda ake sawa. Bai iya ba."

Debby ta cire tabarau ta ɗora a cinya, ta riƙe facin da yatsu, ta ɗago kai.

"Na Mami ko na Kaka?"

Dakta Maimuna ta tsuguna. "Nuna mana duka biyun."

"Na Mami nan ne." Ta zura shi a gilashin dama, ta yamutsa fuska. "Ba daɗi. Ba na ganin komai." Ta zare, ta mayar gilashin hagu, ta sa tabarau, ta washe baki. "Na Kaka nan ne. In Mami ta tafi aiki sai Kaka ta gyara mini. Sai in kalli katun."

Dakta Scholastica ta rufe baki da katin. Dakta Usman ya saki dogon numfashi ya ce, "Alhamdu lillahi." Celina kuwa abu biyu ne suka taso mata lokaci guda. Na farko sanyi ne, kamar an sauke mata buhu daga kai. Na biyu ya biyo baya da zafi. Tun Ista. Duk safiyar da ta bar yarinyar tana kuka, ta shiga motar kamfani zuciyarta na ciwo. Duk Lahadin da ta zaci ita ce ba ta iya reno ba.

"Kakar tana nan?" malamar ta tambaya.

"Tana waje."

"Ki shigo mana da ita, in ba damuwa."

Celina ta bar Debby tana koya wa Dakta Usman kukan zakara, ta fita. A barandar ta shirya maganganunta tsaf. Ba za ta ɗaga murya ba, uwar mijinta ce. Amma za ta faɗa, kuma daga gobe za ta nemi wata dabarar, ko da ta ɗinke facin ne a jikin tabarau yadda ba mai iya zare shi.

Ta tarar da tsohuwar ta daina hira. Tana zaune a gefen bencin, ta rungume rigar sanyin Debby, idonta a kan ƙofa, leɓunanta na motsi. Tana ganin Celina ta miƙe da sauri har kular ta kusa faɗuwa.

"Me suka ce? Sun taɓa ta? Ta yi kuka?"

Celina ta tare kular, ta ajiye maganganun da ta shirya. "Ba ta yi kuka ba, Mama. Suna son ganinki."

Kaka ta shiga da sallama, ta gaida likitocin ɗaya bayan ɗaya, ta tambaye su gida da iyali. Aka ba ta kujera. Dakta Maimuna ta tambaye ta, kamar ana hira, wane ido take rufe wa Debby.

"Mai ciwon mana." Ta nuna na hagu. "In yaro ya yanke a ƙafa, ƙafar da ta yanke ake ɗaurewa. Ni ban yi boko ba amma wannan kam na sani."

"Amma Mama, kin ga kullum a dama nake sawa," in ji Celina.

"Na gani."

"Me ya sa ba ki yi mini magana ba?"

Tsohuwar ta dube ta da mamaki. "Yarinya, kina tashi gari bai waye ba, ki dafa abinci, ki yi wanka, ki fita da gudu don kada mota ta bar ki. Wanda ya gaji haka ai dama da hagu sukan rikice masa. In tsaya ina yi miki gyara a gaban mijinki? Sai na ce bari in riƙa gyarawa a bayanki, ba wanda ya ji." Ta juya ga likitocin. "Tana ƙoƙari sosai. Ba ni da abin cewa a kanta."

Celina ta sunkuyar da kai. Dariya ce ke neman ƙwace mata ko kuka, ba ta tantance ba.

Dakta Maimuna ba ta yi bayanin da kanta ba. Ta ce wa ɗalibanta wannan ma aikinsu ne, wa zai fara. Dakta Usman ya gyara murya ya yi maganar ƙwaƙwalwa da jijiyoyi da saƙon da ido ke aikawa. Kaka ta saurare shi da ladabi tana gyaɗa kai, da ya gama ta ce, "Allah ya ƙara ilimi," a muryar wadda ba ta sauya ra'ayi ba.

Dakta Scholastica ta jawo kujera ta zauna gabanta. "Mama, idon nan ba rauni ne da shi ba, ba ya jini, ba ya zafi. Zama ya yi. Su biyu ne, na dama yana da ƙarfi, yana yin aikin duka. Na hagu ya ga ana yi masa, sai ya nemi wuri ya zauna. In kin rufe shi, hutu kika ƙara masa. Sai an kawar da mai ƙarfin, ya duba ya ga ba kowa, sannan zai tashi."

Kaka ta dubi Debby, ta dubi facin. Sai ta ɗaga yatsa.

"Tsaya. Ashe Harrison ne."

"Wa?" in ji Dakta Scholastica.

"Uban yarinyar nan. 'Ya'yana maza biyu, Tony da shi. A gonar cittarmu can gida, Tony kamar injin. Shi kuwa wannan, a ba shi fartanya sai ciki ya fara masa ciwo. Ni kuma in ce ya je gindin ɗorawa ya huta. Babansu yana ta faɗa, ina kare shi. Sai da Tony ya shiga soja, damina ta zo, ya duba dama ya duba hagu ba Tony. A waccan shekarar ya yi kuka kamar za a mutu. Amma cittar da ya haƙa, har kasuwar Kaciya aka kai ta."

"To shi ne," in ji Dakta Maimuna tana dariya. "Facin nan shi ne aikin sojan da ya ɗauke Tony."

Dariyar ba ta daɗe a fuskar Kaka ba. Ta jawo Debby ta tsayar da ita tsakanin gwiwoyinta, ta riƙe mata haɓa tana duban idon. Da ta yi magana, muryar ta yi ƙasa.

"Likita, gaya mini gaskiya. Na lalata shi?"

"Ba ki lalata ba. An yi asarar lokaci, ba zan ɓoye miki ba. Amma shekararta huɗu, da sauran dama, in an fara gobe kuma ba a tsaya ba. Za ta yi kuka, Mama. In ba ta kuka, ki duba, wataƙila tana leƙe ta gefe."

Aka ɗiga wa Debby magani, ta yi ihu ta ce ba ta son mai sanƙo kuma, alhali ba shi ya ɗiga ba. Suka jira a baranda, suka ci dafa-dukar da Kaka ta zo da ita, har ƙwayar idon ta buɗe. Dakta Maimuna ta sa wata fitila a goshi ta leƙa, sannan ta bar biyu daga cikin ɗalibanta suka leƙa, bayan ta nemi iznin Celina. Bayan idon lafiya lau. Aka ce su dawo bayan wata biyu a sake gwada allon hotuna. Maganar miƙe idon tana nan, amma sai ganin ya taso.

Suna fita, Celina ta ji malamar tana cewa wani rukunin da ya matso, "Ku zo ku ji abin da ya faru a nan. Da an tura yarinyar nan hoton kai, da an ɓata wa mutane rai a banza."

Ruwan ya sauko suna cikin keke. Debby ta yi barci a cinyar kakarta, an rufa mata kallabi a fuska don haske na damunta. A haka suka iso Tirkaniya.

Da yamma Celina ta zauna a bakin gado da tabarau da facin da zare da allura. Ta riga ta ga inda za ta soka: ɗinki uku a jikin firam ɗin dama, ba mai zare shi sai da almakashi. Ta zura zare. Surukarta ta shigo ta zauna kusa da ita, ta ga allurar, ta gane nufinta.

"Gobe za ta yi kuka," in ji tsohuwar can.

"Za ta yi."

"Ni ban iya jin kukanta ba."

"Ni ma, Mama. A motar kamfani nake yin nawa."

Kaka ta juyo ta dube ta, ta daɗe tana dubanta. "Ba ki taɓa faɗa ba."

Daga falo suka ji ɗigon ruwa yana faɗawa bokiti, da muryar Harrison da ya dawo daga aiki yana tambayar Debby me likitoci suka ce. Debby ta ce sun ce idonta shi ne Dadi, wai ba ya son noma.

"Ni kuma? Me na yi? Mama, me kika je kika gaya wa mutane?"

Celina ta zare zaren daga allurar, ta mayar da ita cikin gwangwani ta rufe. Ta ɗora facin a tafin hannun surukarta.

"Gobe ke za ki sa mata. Ni zan fita da wuri."

Kaka ta juya shi a hannu, ta ɗaga tabarau ta riƙe daidai fuskarta kamar ita za ta sa, ta taɓa gilashin dama da yatsa.

"Tony," ta ce, ta zura facin a kai.